Teburin Abba Gwadabe

Ranar da masu ƙidaya suka shigo kasuwarmu, ɗana Abba ba ya nan. Na tura shi kwatar Port-Bouët ya karɓo mana cinyar saniya da ta rage, motar da ya shiga kuma ta mutu a hanya. Da yana nan da shi zai yi magana da su, don shi ne mai Faransanci. Nawa na ciniki ne kawai: nawa kilo, an ƙara miki, sai gobe.

'Yar kasuwa ce a bakin layin dogo a Treichville, cikin Abidjan. Layin mahauta guda ɗaya ne, yawancinmu Hausawa. Mahaifina ya samu wurinsa tun ina goye a bayan uwata, shekarar da suka zo daga Kano. Ba da takarda ya samu ba. Sarkin fawa na lokacin ya nuna masa wuri da ƙafa, aka raba goro, aka shafa fatiha. Da ya rasu na ci gaba da tsayawa inda yake tsayawa, ina sara a kan kututturen da ya bari, ba wanda ya tambaye ni komai.

A shekarar 1998 aka ce an ba wani kamfani kasuwar. Gwamnati ta daina gina kasuwa, in ji su, kamar yadda ta saki wuta da waya da jirgin ƙasa. Masu kuɗi ne za su rushe su gina sabuwa, su sayar da wurare. Amma wanda yake da tebur a tsohuwar kasuwa shi za a fara ba, a farashi mai sauƙi, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan a banki. Abin da ya kawo masu ƙidaya ke nan.

Su biyu ne. Wata mata mai tabarau, Madam Akissi, riƙe da babban littafi, da wani mutum mai gwangwanin fenti yana rubuta lamba a ƙafar kowane tebur. Sarkin Fawa Harouna yana biye da su yana nuna mai wuri. A nawa aka rubuta 47.

"Baba, sunan wa za a sa?" Da yaren Jula matar ta tambaye ni.

Mun riga mun gama wannan magana da matata Zuwaira tun mako guda kafin nan. Sunan yaron za a sa. Shekararsa ashirin da biyu a lokacin. Ya yi makaranta har ya samu takarda, ya samu aiki a wata maɗaba'a, wata shida aka sayar da ita, sababbin masu ita suka sallami rabin ma'aikata. Tun daga nan yakan zo kasuwa kwana biyu ya ɓace kwana uku. Inda yake ɓacewa na sani. Tashar Bracodi ce, cikin yaran gbaka, ƙananan bas ɗin haya, inda ba a hira sai ta Italiya, da wanda ya tafi, da wanda ya aiko hoto. 'Ya'yan maƙwabtanmu biyu a Bromakoté sun tafi haka, ɗaya ne aka sake jin labarinsa. Na ce a raina, idan yana da abin da aka rubuta nasa ne, mai lamba, mai makulli, zai zauna.

Na buɗe baki in faɗi sunan, sai bakin ya ƙi.

Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina yake ɗauke da shi. Ranar suna liman ne ya faɗa. Takardar haihuwa ƙanena ne ya je ya yi, makaranta ma shi ya kai shi. Ni da uwarsa ba mu taɓa furta sunan ba, ko mu biyu a ɗaki. Yanzu ga dukan layin mahauta sun ajiye wuƙa suna kallo, rabinsu a hannun mahaifina suka koyi fawa, ga Sarkin Fawa tsaye a bayan matar.

"Abba," na ce.

"Abba wa?"

"Abba Gwadabe." Gwadabe ni ne.

Ta rubuta, ta yago wani kati ruwan ɗorawa ta miƙo mini. Muhyiddeen, mai teburin da ke kusa da nawa, ya ɗaga hula.

"Jama'a, Gwadabe ya yi murabus. Daga yau yaron Alhaji Abba ne, a riƙa aikensa sayen ƙanƙara."

Aka yi dariya, har da ni.

Da Abba ya iso da la'asar, cinyar saniya a kafaɗa, na bari ya rataye ta sannan na miƙa masa katin. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Baba, wane ne wannan?"

"Kai ne mana."

"Ni ne a gida. A katina ba haka aka rubuta ba." Ya ciro katin zaman baƙi da kowannenmu yake yawo da shi, ya jera su biyun a kan sikeli. Ban iya karatun boko sosai ba, amma na ga kalmar farko ba iri ɗaya ba ce. Duk da haka na ga yadda ya riƙe katin ruwan ɗorawar, da hannu biyu, ya goge yatsunsa a riga kafin ya taɓa.

Washegari na je wurin Madam Akissi, a kwantenar da suka mai da ofis a bakin kasuwa. Na yi mata bayani cewa sunan gida ne na ba ta. Ta yi dariya.

"Kowa da sunan gida, Baba. Littafin ya riga ya tafi a buga, ba zan iya gogewa yanzu ba. Ranar ba da makulli ka zo wurina. Na san fuskarka, minti biyu ne."

Na yi godiya na tafi da kwanciyar rai.

Aka rushe kasuwa. Shekara biyu da rabi muna fawa a ƙarƙashin leda a gefen layin dogo. Damina ta zo ruwa ya kai idon sawu, jirgi ya wuce ƙura ta sauka a kan nama, matan da ke saye don gidajen abinci suka koma wasu kasuwanni. Duk ƙarshen wata ina zuwa banki da katin nan. Ba su taɓa tambayar suna ba, lamba suke dubawa su buga hatimi. Watan da ciniki ya ƙi, Zuwaira ce take cikawa daga furar da take sayarwa a bakin kasuwar Marché Gouro. Sau ɗaya sai da ta sayar da keken ɗinkinta.

Amma abin da nake nema ya samu. Abba ya daina ɓacewa. Ya koyi raba cinya ba tare da ya ɓata tsoka ba, ya san wace mai gidan abinci ke son kitse, wace ke son a cire. Da ni nake tashinsa da asuba, sai ya zama shi ke buga mini ƙofa. In mun tashi daga kasuwa yakan tsaya a bakin shingen kwano ya leƙa ginin.

"Ga namu can, na uku daga famfo. Zan sa firiji, in rubuta farashi a allo kamar na manyan kantuna."

"Ka sa kwandishan ma," in ji Muhyiddeen, "naman ya riƙa atishawa."

Cikin waɗannan shekaru gari ya canja. Sojoji suka karɓi mulki, aka yi zaɓe, aka zubar da jini, shingaye suka yi yawa a hanya. Mai suna irin namu, ko an haife shi a Abidjan, sai ya taɓa aljihu kafin ya hau gada.

An gama ginin a farkon 2001. Aka ce kowa ya zo da katinsa ya karɓi makulli. Muka je, babu kwantena, babu Madam Akissi. Mai gadi ya ce kamfanin da ya gina ya sayar da duk takardun kasuwar ga wani kamfani, wanda ba ya gini, kuɗi kawai yake juyawa. Ya nuna mana wani bene a bayan kasuwa.

Ofishin yana da sanyi kamar ɗakin ajiye nama. Wani saurayi mai laktaye, an rubuta Kouadio a gaban teburinsa, ya karɓi katin ruwan ɗorawa, ya danna kwamfuta, ya karɓi katin Abba. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Faransanci suke yi, Abba yana juya mini.

"Ya ce lamba 47 ta Abba Gouadabé ce, an gama biya. Ya ce a kawo Abba Gouadabé."

"Ga shi zaune."

"Ya ce wanda ke zaune wani ne daban."

Saurayin ya juyo gare ni da 'yar Jularsa.

"Tsoho, wannan ɗanka ne?"

"Ɗana ne."

"Yaya sunansa?"

Akwai mutum kamar goma a layi a bayanmu, wasu daga layin mahauta. Na dubi hannuna.

"Mika'ilu," in ji Abba. "Mikaïlou Gouadabé. Ga shi a rubuce."

"Na ga rubutu. Uban nake tambaya."

Ya ɗan jira, sannan ya ɗaga kafaɗa. Ba mugu ba ne, ban ga mugunta a fuskarsa ba. Ya ɗauki takarda ya rubuta mana abin da za mu kawo: shaidar kotu cewa sunayen biyu mutum ɗaya ne. Muna da kwana talatin. Wurin da ba a karɓa ba bayan nan, kamfani zai mai da wa mai shi kuɗinsa ya sayar wa wani.

Sai da muka sauko titi Abba ya yi magana.

"Kalma ɗaya ce, Baba."

Na ci gaba da tafiya.

"Kalma ɗaya. Kaka ya rasu tun kafin a haife ni. Ba zai ji ba."

"Ni zan ji."

"To, ga shi mun ji gaba ɗaya."

Bai taɓa yi mini magana haka ba. Ya yi gaba da sauri. A bakin babban titi na tarar da shi tsaye yana jirana, don ya san ba na iya tsallaka wurin ni kaɗai in motoci sun taso.

Kwana uku bayan nan Sarkin Fawa Harouna ya sa babbar riga, ya ɗauki dattawa uku da ƙullin goro, muka hau benen. Kouadio ya miƙe ya gaishe su, ya kawo kujeru, har ya ɗauki goro ɗaya.

"Ka gaya masa," in ji Sarki ga Abba, "na ga uban wannan a wurin, na ga wannan a wurin, na ci naman sunanka. Mu huɗu za mu rantse."

Abba ya juya. Kouadio ya daɗe yana magana.

"Ya ce ya yarda da ku, amma ba shi da inda zai rubuta rantsuwa. Ya ce abin da muke kira tebur, a wurinsu layi ne a kwamfuta. An tara layukan an kai banki an karɓi kuɗi a kansu. Kowane layi sai suna da lambar kati sun yi daidai, in ba haka ba shi za a kora."

"Tambaye shi wa ke sama da shi, mu je mu gaishe shi."

"Ya ce shi ma bai taɓa ganinsa ba."

A kan matakala Sarki ya tsaya yana hutawa, ya dafa kafaɗata.

"Da laifina, Gwadabe. Ina tsaye a bayan matar nan. Da ni na faɗi sunan, an wuce wurin. Na ji ka ce Abba, kunnena ya ji daidai."

Kotu kwana uku muka yi muna bin layi tun da sassafe. A rana ta uku wata mata ta karɓi takardunmu ta taga, ta ba mu 'yar takarda mai kwanan wata. Wata biyu nan gaba. Abba ya ce mata kwana ashirin da ɗaya suka rage mana. Ta nuna masa tarin fayil a bayanta, ya kai ƙugunta, ta kira na gaba. Muka kai wa Kouadio 'yar takardar. Ya buga waya a gabanmu, ya saurara, ya ajiye, ya girgiza kai.

Muhyiddeen ya riga ya karɓi makullinsa, shi ya gaya mini dalilin da ya sa aka ƙi ƙara mana lokaci.

"Farashin wuri ya ninka uku, Gwadabe. Malaman makaranta suna saye, 'yan kwastan suna saye. Matar wani likita ta sayi huɗu, ba ta san inda ƙofar kasuwar take ba. Su ajiye, ya tashi, su sayar. Kana tsammani za a ƙara maka ko yini ɗaya?"

Saura kwana tara ya ja ni bayan leda, inda muke zubar da ƙashi.

"Kai da kake zaune a Adjamé kake kuka da takarda? Je ka wurin ƙadangaru." Haka ake kiran mutanen da ke manne da katangar ofisoshi suna yi wa jama'a takardu. "Akwai Nu'uman, ɗan marigayi mai kilishin Bracodi. Kwana biyu zai yi maka katin Abba Gwadabe, da hatimi da komai. A karɓi makulli, a ƙona kati, wa ya gani?"

Na koma gida bayan azahar, lokacin da na san Abba yana kasuwa. Zuwaira tana kirɓa gero a tsakar gidan hayarmu. Na ce ta ba ni hoton yaron, ragowar waɗanda ya ɗauka na kati.

"Me za a yi da shi?"

Na gaya mata ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Ta jingine taɓarya.

"Baban Rahama, shi ya sani?" Rahama ce ke bin Abba, da sunanta take kirana.

"Zai sani in an gama."

"Sunan ba na kowa ba ne. Fuskar kuma ta ɗana ce."

"Keken ɗinkinki yana cikin teburin nan. Furarki ta shekara biyu tana ciki."

"Ban tambaye ka keke ba."

Amma ta shiga ɗaki, na ji ta buɗe kwalla, ta fito ta miƙo hoton ba ta dube ni ba.

Nu'uman yana zaune a bayan wani shagon kwafin takardu, a wani lungu da ke warin soyayyen kifi. Hausarsa rabi Faransanci ce, ko kawu sai ya ce tonton.

"Tonton, ba matsala. Jibi ka zo. Rabi yanzu, rabi in ka gani." Ya ɗaga hoton a haske. "Amma bari in gaya maka, don babana ya san ka. Ranar da za ku je, kada ya riƙe kati biyu a jiki. Na gaskiya ya bar shi a gida."

"In an tare shi a gada fa?"

"Ya nuna nawa."

"In sun gane?"

"To, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Kai ma ba ruwanka, tonton, ba fuskarka ba ce. Shi za su kai gidan yarin Yopougon." Ya yi dariya. "Ba sa ganewa. Yawanci."

Na biya rabi na fito. Na shiga woro-woro, tasin haɗaka, zan koma kasuwa. A bakin gada aka tare mu, masu kaki suka ce kowa ya sauka. Ni suka dubi furfurata da katina suka ce in koma mota. A gefen titi akwai samari bakwai ko takwas zaune a ƙasa, an cire musu riga, an tara takalmansu wuri ɗaya. Ɗaya daga cikin masu kakin yana riƙe da katunansu. Yana ɗaga kowanne a rana, yana kankare gefen hoton da farce, ya juya bayansa, ya sake kankarewa. Ba sauri yake ba. Akwai wani a cikin samarin mai tsawon Abba, ya haɗa hannu a ka yana kallon ruwa. Direbanmu ya dawo yana ƙunƙuni, muka wuce muka bar su a nan.

Ban kai kasuwa ba. Da muka sauka daga gada na ce a ajiye ni, na tsallaka titi, na shiga motar komawa Adjamé. Nu'uman ya ba ni hoton. Kuɗin ya ce ya riga ya shiga aiki.

Muhyiddeen ba ya iya riƙe magana. Washegari muna rataye nama Abba ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Ashe an samu hanya ka ƙi."

"Ba hanya ba ce."

"Rabin Adjamé da irin katin nan suke yawo, Baba. Da ka tambaye ni."

"Na san abin da za ka ce, shi ya sa ban tambaya ba."

"Ranar ƙidaya ba ka tambaye ni ba. Yanzu ma ba ka tambaye ni ba. Teburin wa ne wai?"

Na ci gaba da rataye nama. Ya ɗauki gatari ya fara saran ƙashin baya, ya yi ta sara har ya wuce yadda mai saye take so, sai da muka rage mata kuɗi.

Kwana talatin suka cika ranar Laraba. Alhamis Kouadio ya ba mu ceki, an cire abin da aka cire. A kansa an rubuta Abba Gouadabé. Banki suka ce a kawo mai sunan. Da na gaya wa Muhyiddeen ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskata ya rufe.

Shaidar kotu ta fito bayan wata huɗu, don an ɗaga ranar sau ɗaya. Takarda ce guda, layi biyar, tana cewa wannan da wancan mutum ɗaya ne. Muka karɓi kuɗin da ita. A lokacin ba za su sayi ko rabin rabin tebur ba.

Sauran mahauta sun shiga sabuwar kasuwa. Mu da muka rage a gefen layin dogo aka ba mu mako biyu mu tashi. Lamba 47 kuwa tana nan a rufe, farin tayil ɗinta ko ɗigon jini bai taɓa shi ba, wanda ya saya bai taɓa zuwa ba. Sai wata rana wani mai babur ya zo da jaka yana tambayar wanda ke son hayarta. Abba ya karanta mini takardar. Wata-wata ne. Mai wuri yana iya ƙara kuɗi, yana iya karɓe abinsa in ya ba da sanarwar kwana goma sha biyar.

Ni na sa hannu. Abba ya ce teburin haya ba zai ciyar da mutum biyu ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya koma neman aikin yini a tashar jiragen ruwa, inda ake tara mutane a bakin ƙofa kowace safiya a zaɓi wanda aka zaɓa. Ran da bai samu ba yakan biyo ya taya ni. Ban ji ya yi maganar tafiya ba. Amma Zuwaira ta ɗaga katifarsa za ta shanya, ta ga sabon fasfo, ta mai da shi inda yake, ta gaya mini. Ba wanda ya tambaye shi a cikinmu.

A wurinmu, mahaucin da ke zaune a wurin wani yakan aika wa mai wurin ɗan nama lokaci-lokaci. Don haka duk ranar ɗaya ga wata, in mai babur ya zo, ina naɗe hanta a takarda in haɗa masa da kuɗin haya. A wata na biyar Abba yana nan, bai samu aiki ba ran nan, yana wanke ƙugiyoyi a bakin famfo.

"Ka kai wa maigidan," na ce wa mai babur.

"Wane maigida, tonton? An sake sayarwa. Yanzu haruffa uku ne da lambar akwatin gidan waya."

"To, ka kai musu."

Ya sa a jaka, ya ce wata mai zuwa wataƙila akwai sabuwar takarda, bai san abin da ke ciki ba. Ya tafi.

Abba ya dawo da ƙugiyoyin ya jera su a kan ƙarfe.

"Baba, ka daina ba shi hanta. Gidansu yake kaiwa."

"Na sani."

"To don me?"

"Shi zai zo da takardar. Gara ya zo yana jin nauyina."

Ya dube ni, sai ya goge hannu a tsumma ya cire rigar aiki ya ninke ta a ƙarƙashin tebur. Ya ce akwai wanda zai gani a Bracodi, kada in jira shi.

"Yaushe za ka dawo?"

"In na gama."

Wata mata ta tsaya tana son a sara mata ƙashin miya. Na juya gare ta, na sara, na auna, na naɗe. Da na ɗago kai ya riga ya shige cikin mutane.